Daga sitidiyo zuwa aji: wa ya cancanci koyar da aikin sauti a jami'a?

Mai Sitidiyo a Kano:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta hana ni sakat kwana biyu, na ga babu inda ya dace in kai ta sai wajenku. Na haura shekara 20 ina aikin sauti. Da naɗe waya da share ƙura na fara a sitidiyon maigidana, zamanin da ake buga kiɗa da fiyanon Yamaha a juye a kaset. Yau Alhamdulillahi ina da nawa wurin, da yara huɗu a ƙarƙashina.

Wani malamin jami'a da nake tace masa hirarrakin bincikensa ya ce sashensu na neman wanda zai riƙa zuwa sau ɗaya a mako yana koya wa ɗalibai ɗaukar sauti da haɗa shi. Wallahi na ji daɗi, don na daɗe ina ganin yadda yara ke ɓata aiki saboda babu wanda ya zaunar da su. Da na je, tambayar farko ita ce takardu. Difloma gare ni. Aka ce to ba zan shiga a matsayin malami ba, sai dai mai kula da ɗakin kayan aiki. Ni zan tsaya gaban ɗalibai, amma sunan wani ne zai hau kan kwas ɗin, shi zai fitar da jarrabawa, shi zai ba da maki. Kuɗin kuma bai kai abin da nake samu a waƙar biki ɗaya ba.

In karɓa ko in haƙura? Kuma ku gaya mini tsakani da Allah, wannan aikin namu ma ana koyon sa a aji?

Oga Mai Fiyano:
Wa alaikumus salam. Abokina ka zauna a shagonka. Na sha karɓar masu digiri suna zuwa neman aiki, ka ba mutum waya ya naɗe ya murɗe ta kamar igiyar guga, bayan wata biyu ta karye daga ciki. Ka ce ya saita wa mawaƙi makirfo, ya kafa masa shi daf da bango. Aikin nan a kunne yake da hannu, kuma kunne ba ya buɗewa sai ka yi shekaru kana zaune kusa da wanda ya iya. Kai ma ai ba a aji ka koya ba. Sannan ka tuna a 2022 wata 8 jami'o'in gwamnati suna rufe saboda yajin aiki. Ka saki masu kawo maka aiki ka kama wannan?

Malama a Jami'a:
Malam Mai Sitidiyo, barka da wannan tambaya. Ni ina koyarwa a fannin sadarwa, don haka na san ƙofar da ka ƙwanƙwasa da abin da ke bayanta. Bari in ba ka labarin wata mata, domin tafiyarta ta yi kama da taka.

Sunanta Susan Rogers, Ba'amurkiya, an haife ta a 1956. Ba ta gama sakandare ba ta bar makaranta. Da kanta ta koyi aikin lantarki daga littattafai, ta fara da gyaran na'urorin sitidiyo a Los Angeles. A 1983 mawaƙin nan Prince ya ɗauke ta aiki a Minneapolis, a matsayin mai gyara. Da ta gama haɗa masa kayan sitidiyon gidansa sai ya zaunar da ita kan miksa, wato na'urar haɗa sauti, ta zama ita ce mai ɗaukar masa sauti har zuwa 1987, shekarun da tauraronsa ya fi haskawa. Ita ce ma ta fara tattara faya-fayansa tana jera su a ma'ajiya guda don kada su salwanta. Bayan nan ta yi aiki da mawaƙa da yawa.

A shekarar 2000, tana da shekara 44, ta ɗauki kuɗin da ta samu daga wani kundin waƙoƙi da ya yi kasuwa, ta ajiye sitidiyo ta shiga Jami'ar Minnesota a matsayin ɗalibar aji ɗaya, tare da matasan da ta isa ta haifa. Daga nan ta wuce Jami'ar McGill a Kanada, ta yi digiri na uku kan yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar sauti da kiɗa, ta kammala a 2010. Ta zama farfesa a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston, tana koyar da ɗaukar sauti da kuma ilimin ji.

Abin da ya sa nake son labarinta shi ne bai ba kowane ɓangare gaskiya duka ba. Oga Mai Fiyano zai ce ai ga shi nan, ba makaranta ce ta kai ta wajen Prince ba, kuma haka ne. Amma ita da kanta, bayan ta kai inda kowane injiniya ke mafarki, ta ga akwai tambayoyin da sitidiyo ba zai amsa mata ba. Shekara goma ta ba wa neman amsar.

Oga Mai Fiyano:
Malama, da girmamawa, wannan Amurka ce. Kundin waƙoƙi ɗaya ya biya mata makaranta. Mu nan ka yi wa mutum kiɗa ya biya ka sau ɗaya, waƙar ta zagaye duniya a waya, ko sunanka ba za a ambata ba. Da me abokina zai koma aji ɗaya, ga iyali?

Malama a Jami'a:
Ban ce ya rufe shago ba, Oga. Akwai karatun ƙarshen mako, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a. Kuma ban kawo labarin don in ce kowa ya bi sawunta ba. McGill ɗin nan da ta yi karatu, wani injiniyan sauti mai suna George Massenburg ya koyar a can. Duk wanda ya taɓa buɗe EQ, wato abin daidaita sauti, a manhajar Cubase ko FL Studio ya ga maɓallai uku, ɗaya na zaɓen wurin da za a taɓa a cikin sautin, ɗaya na ƙarawa ko ragewa, ɗaya na faɗin wurin, to tunanin mutumin nan yake amfani da shi. A 1972 ya gabatar da takardarsa a kan haka a taron ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Aikin hannunsa da kunnensa ne suka sa jami'a ta neme shi. Ke nan ƙofa biyu ce: wani ya je ya samo takarda, wani kuma jami'a ta sauko ta yarda cewa aikinsa ya isa takarda. Mu a nan ƙofar farko kaɗai muka fi sani, kuma a ganina asararmu ce.

Baba Na Rediyo:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa, don idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan.

Na yi aiki a wani gidan rediyo sama da shekara 30 kafin in yi ritaya. A zamaninmu babu kwamfuta. Zaren faifai ne mai faɗin kwata na inci, yana gudu inci bakwai da rabi a daƙiƙa, in kiɗa ne mai muhimmanci a sa shi inci 15. In mai magana ya yi tuntuɓe, sai ka juya faifan da hannu a hankali, gaba da baya, har ka ji daidai inda kalmar ta fara. Ka sa alama da farin fensir, ka ɗora zaren a kan ƙarfen yanka, ka sa reza ka yanke a karkace, ka liƙe. In ka yanke ba daidai ba, shi ke nan, ka cinye wa mutum harafi. Wannan ne ya koya mana saurare. Ba ka taɓa reza sai ka tabbata.

Na ɗauki makaɗan fada da kotso da taushi, na ɗauki masu kalangu, na ɗauki masu goge da kukuma. Makirfo ɗaya ko biyu ne gare mu. Babu wani gyara daga baya, don haka gyaran a tsayuwar mutane yake: mai waƙa ya matso, 'yan amshi su ja baya taku biyu, mai babban ganga ya koma can kusurwa. Kafin in danna jan maɓalli sai na zagaya ɗakin da kunne ɗaya a toshe, ina neman wurin da komai ya daidaita. Nan nake kafa makirfo.

Ɗana Mai Sitidiyo, ga abin da ke ci mini rai. Mu shida ne muka iya wannan aikin a wurinmu. Huɗu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Babu wanda ya rubuta komai. Babu wanda ya kira mu ya ce zo ka nuna wa yara. Wata rana na koma tsohon wurin aikina na tarar da faya-fayan a jibge a wani ɗaki mai yoyo. Na ɗauki ɗaya na sa a inji, zaren ya manne yana kuka, baƙin garin jikinsa yana zuba a kan injin. Irin wannan zaren na shekarun 1970 da 1980 yana shan danshi ya yi danƙo. Yana da magani: a gasa shi a hankali a zafi kamar digiri 50 zuwa 55 na tsawon sa'o'i, ya huce, a juye shi nan take. Amma wa ya san haka a cikin yaran da ke wurin? Muryoyin mutanen da ba za su dawo ba ne a ciki.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Ya cancanta. To amma duk wanda ke jin muryar Shata yau, ta hannun wani mai ɗaukar sauti ta iso masa, kuma ba a san sunan ko ɗaya ba.

Ka je ka koyar. Ko sunanka bai hau takarda ba, ka je.

Ɗan Koyo:
Allah Ya ƙara lafiya Baba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ni shekarata biyu ina koyo a wani sitidiyo, kuma ina goyon bayan a kai abin nan makaranta. Ogana ya iya aiki, ba na musu. Amma in na tambaye shi me ya sa ya yi kaza, sai ya ce haka ake yi. Misali mun manna kwalin ƙwai a bangon ɗakinmu gaba ɗaya, amma har yanzu in babur ya wuce yana shiga waƙa. Kuma in muka haɗa kiɗa a ɗakin, bes ɗin ya yi daɗi, da mun kai mota sai ka ji babu shi, ko ya yi yawa har ƙofa na rawa. Na tambaya an ce lasifikar motar ce.

Mai Ɗaukar Sautin Fim:
Ƙanena Ɗan Koyo, ba lasifikar mota ba ce, ɗakinku ne. Ni a Jos na yi karatu, a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, kuma wannan tambayar taka ita ce irin abin da aji ke warwarewa cikin rabin awa.

Abu biyu ne kuka haɗa. Hana ƙarar waje shigowa daban, gyaran amon cikin ɗaki daban. Ƙarar babur nauyi ne ke tare ta: bango mai kauri, ƙofa mai nauyi, da toshe duk wata kafa da iska ke bi. Kwalin ƙwai ba shi da nauyi, ba ya tare komai, ga shi abincin gobara.

Maganar bes kuma lissafi ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, a zafin Kano ma ya ɗan fi haka. In tsakanin bangonku biyu mita uku da rabi ne, ka ninka shi biyu ya zama 7, ka raba 343 da 7, ka samu 49. Wato sauti mai kaɗawa sau 49 a daƙiƙa, wanda a cikin bes yake, zai riƙa kai da komo tsakanin bangon nan yana taruwa. A jikin bango ya yi ƙarfi, a tsakiyar ɗaki ya kusa ɓacewa. In kujerar Oganka a tsakiya take, ba ya jin sa, sai ya yi ta ƙarawa, a mota ƙofa ta yi rawa. In a jikin bango take, sai ya rage, a mota a rasa shi. Ka gwada gobe: kunna bes ɗaya mai tsawo, ka taka a hankali daga bango zuwa bango. Gani ya kori ji, amma a nan jin ne zai gamsar da kai.

Oga Mai Fiyano, ban raina kunne ba. Amma kunnen da ɗaki ke yi wa ƙarya shekara goma, ƙaryar zai haddace.

Oga Mai Fiyano:
Hajiya na karɓi wannan, don ni ma kujerata sai da na matsar da ita kafin aikina ya daidaita, ban dai san lissafin ba. Amma ki faɗa mini, cikin waɗanda kuka gama tare, nawa ne ke aikin sauti yau?

Mai Ɗaukar Sautin Fim:
Kaɗan ne. Yawanci kowa kyamara yake so ko ba da umarni. Shi ya sa za ka ga fim ɗinmu hoto tas, amma ana magana janareta na amshi a baya. Kuma ban ɓoye ba, ranar da na fara fita aiki hannuna rawa yake a kan sandar makirfo, wani da bai yi makaranta ba ne ya nuna mini yadda zan riƙe ta minti biyar ban gaji ba. Shi ya sa nake son irin su Malam Mai Sitidiyo su shiga aji. Abin da na rasa a makaranta ke nan, ba lissafi ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Mu a nan mun ga irin wannan da idonmu. Akwai Farfesa John Collins, haifaffen Ingila, ya zo Gana yana yaro a 1952 saboda mahaifinsa na koyarwa a jami'a. Makaɗin jita ne. A 1982 ya buɗe sitidiyon Bokoor a gefen Accra, lokacin tattalin arziki ya durƙushe, faya-fayan garmaho sun daina fita, ya riƙa ɗaukar ƙungiyoyin highlife da na coci da na gargajiya da ɗan kayan da yake da su. Daga baya ya yi digiri na uku a Amurka, ya shiga sashen kiɗa na Jami'ar Gana da ke Legon a tsakiyar shekarun 1990, har ya shugabanci sashen. Kafin irinsu, kiɗan zamani na talakawa ba abin da ake ɗauka da daraja ba ne a jami'a. Ya kuma kafa ma'ajiyar tsofaffin faya-fayai da hotuna, wadda ambaliyar 2011 ta yi wa ɓarna.

Abin lura, shi ma sai da ya samo takardar. Amma abin da ɗalibai ke zuwa nema wajensa, a sitidiyo ya same shi.

Malamin Islamiyya:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ba ma'abocin kiɗa ba ne, ƙanena ne ya sa ni a zauren nan saboda matsalar lasifikar masallacinmu. Ina ganin kuna taƙaita abin. In aka ce fasahar kiɗa, iyaye da yawa a nan ba za su bar 'ya'yansu su karanta ba, kun san wannan. Amma aikin sauti ya fi kiɗa faɗi. Masallacinmu an kashe kuɗi an sa tayil tun daga ƙasa har bango, an yi ƙubba. Ranar Juma'a liman na huɗuba, sahun baya ba sa fahimtar komai sai gunji. Duk wanda muka kira sai ya ce a ƙaro lasifika. Mun ƙaro har takwas, abin sai ƙara lalacewa yake. Ga tafsirin azumi da ake ɗauka kowace shekara, ka saurara daga baya ka ji kamar a cikin rijiya aka yi. Ashe wannan ba ilimi ba ne da ya kamata a ce akwai masu digiri a kansa?

Malama a Jami'a:
Allah Ya saka da alheri Malam, ka taɓo asalin abin. Ilimin amon ɗaki ma daga irin matsalarku ya fito, kuma a jami'a. A 1895 Jami'ar Harvard ta gina ɗakin lacca a gidan tarihi na Fogg, aka tarar ba a jin abin da malami ke faɗa, kalma na daɗewa tana yawo sama da daƙiƙa biyar. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyyar lissafi da zahiri, Wallace Sabine, ya nemo mafita. Sai dare ya tsala gari ya yi shiru, shi da mataimakansa su kwaso matasan kujeru daga wani zaure da ke kusa, su shimfiɗa, ya busa bututun ogan, ya riƙe agogo yana ƙirga lokacin da amon zai mutu. Su ƙara matasai, ya sake aunawa. Kafin gari ya waye su mayar. Daga nan ya fitar da lissafin da ya haɗa girman ɗaki da yawan abin da ke shanye sauti a cikinsa, wanda har yau da shi ake aiki. Da shi aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900.

Masallacinku matasan Sabine yake nema, ba lasifika ta tara ba: darduma mai kauri, labule ko allunan shanye sauti a bangon baya.

Mai Sitidiyo a Kano:
Malam, in ƙara a kan na Malama. Lasifikan nan takwas, in wata na nesa da wata, mutumin da ke baya yana jin ta kusa da shi nan take, sannan ta gaba ta iso masa a makare. Tazarar mita 34 tana ba da jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma wannan ya isa ya sa kalma ta hau kan kalma. Akwai na'urar da ke jinkirta na bayan su jira na gaba. Ka turo mini saƙo, zan zo in duba ranar Asabar, ba sai an biya ni ba.

Kun ga kuwa, ina rubuta wannan sai na lura ashe koyarwar nake yi.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. A Yamai muna da cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya tun 1989. Marigayi Malam Maman Barka, wanda malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi, ya yi aiki a can. Shi ne ya tafi yankin tafkin Chadi ya zauna wajen dattijon da ya rage cikin masu kaɗa biram, wani kayan kiɗa mai tsarkiya na ƙabilar Buduma, ya koya kafin dattijon ya rasu. Da bai je ba da kayan kiɗan ya tafi da mai shi. Maganar Baba Na Rediyo ce ta tuna mini. Abin da ke hannun tsofaffin ma'aikatan sauti shi ma biram ne.

Oga Mai Fiyano:
To ni ga inda tsorona yake, kuma ba wasa nake ba. In aka kai abin nan jami'a, littafin Turawa za a ɗauko. Za a koya wa yaro yadda ake ɗaukar jita da gangunan Turawa, a ba shi maki, ya fito bai taɓa kafa wa kalangu makirfo ba. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, murya na hawa tana sauka tana bin karin harshe. Na ga yaro ya sa makirfo biyu, ɗaya a kowane bakin kalangu, da ya haɗa su sai kiɗan ya zama siriri kamar ana buga gwangwani. Ya yi ta ƙara bes a banza.

Haka Auto-Tune, manhajar nan mai daidaita muryar mawaƙi. Tun da ya shigo kowa ya ɗora shi a kan murya har ƙarshe. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na canza ma'ana. In ka matse muryar mawaƙi da ƙarfi ka tilasta mata tsalle daga mataki zuwa mataki, lanƙwasar nan da ke sa waƙar Hausa ta shiga jiki ta tafi. Wane littafi ne zai gaya wa yaro wannan?

Mai Sitidiyo a Kano:
Oga, ai ka kawo hujjar da ta fi ta kowa ƙarfi, sai dai ta juya ta goyi bayan zuwa. Kalangun yaron nan, fatar gaba na shiga ciki lokacin da ta baya ke fitowa, don haka makirfo ɗaya na jin turi, ɗayan na jin ja, in an haɗa sai su cinye juna. Maɓalli ɗaya ne a miksa, mai alamar sifili da aka ja wa layi, ka danna wa ɗaya daga cikinsu, kiɗan ya dawo da cikarsa. Ni shekara shida na yi ina fama kafin wani baƙo ya nuna mini. Dalilin yana cikin littafin Turawa, amma kalangun ba ya ciki. In ni da kai ba mu shiga ajin ba, wa zai haɗa su?

Malama a Jami'a:
Wannan haɗin shi ne abin da Jamusawa suka gane tun 1949, da suka buɗe karatun da suke kira Tonmeister a Detmold, wato gwanin sauti. Ba sa ɗaukar ɗalibi sai ya iya kiɗa kuma ya iya lissafi. Jami'ar Surrey a Ingila ta bi sahu a 1970. A nan gida Jami'ar Najeriya ta Nsukka na da sashen kiɗa tun 1961, kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan kuma na da sashen fasahar kiɗa. Ba sabon abu muke nema ba, namu muke so a sa a ciki.

Malam Mai Sitidiyo, shawarata a aikace. Ka karɓa na zango ɗaya, amma ka nemi abu uku a rubuce. A ba ka takardar da ta nuna kai ne malamin aikin hannu na kwas ɗin, da sunanka. A ware wani kaso na maki ga aikin da ɗalibi ya ɗauka ya haɗa da kansa, kuma kai za ka duba shi. Sannan a yarda wasu darussan a sitidiyonka za a yi su, don na san abin da za ka tarar: ɗalibai sun fi 60, kwamfuta uku, miksa na kulle a ofishin wani saboda tsoron kada ta lalace. Shugaban sashe na da ikon yin duka ukun in ya ga dama. In suka ƙi ko ɗaya, ka san ba koyarwar suke so ba.

Baba Na Rediyo:
'Yata ta faɗi gaskiya. Ni kuma roƙona ɗaya. Darasin farko kada ka kunna kwamfuta. Ka koya musu tsaron kunnensu. Kunnena na hagu ƙara yake yi dare da rana kamar gyare, shekara 15 ke nan, kuma likita ya ce ba ya warkewa. Babu wanda ya gaya mana.

Mai Ɗaukar Sautin Fim:
Allah Ya ba da sauƙi Baba. Ga ma'aunin ga mai so: hukumar NIOSH ta Amurka ta ce ƙarar da ta kai desibel 85, awa 8 ne iyakarta a rana. Duk ƙarin desibel 3 lokacin ya ragu da rabi. A 94 awa ɗaya, a 100 minti 15. Mai kula da sauti a gidan biki yana tsaye gaban lasifika tun la'asar har dare. Akwai manhajojin waya da ke aunawa, ba su kai na'urar gaske ba amma sun isa su tsorata mutum.

Ɗan Koyo:
Na gwada abin da Anti ta ce yau da safe kafin Oga ya zo. Wallahi a tsakiyar ɗaki bes ɗin ya ɓace kamar an kashe, a kusurwa kuma har cikina yake kaɗawa. Yaya Mai Sitidiyo, in ka fara, ana barin wanda ba ɗalibi ba ya zauna a baya?

Mai Sitidiyo a Kano:
Na gode muku duka, Allah Ya bar zumunci. Na kira malamin ɗazu na karanta masa sharuɗɗan Malama. Ya ce na farko da na uku ba matsala, na maki sai ya kai wa shugaban sashe ranar Litinin. In sun amince zan fara.

Ƙanena, ranakun da za a yi a sitidiyona ƙofa a buɗe take, ka zo, amma ka fara neman izinin Oganka. Oga Mai Fiyano, mako na huɗu na kalangu ne, kuma kai nake so ka kawo makaɗin ka tsaya a kansa. Baba, akwai tsohon injin faifai na Akai a wajen maigidana, bel ɗinsa ne ya tsinke. In na samo wani, zan aiko mota ta ɗauko ka daga Kaduna.

Baba Na Rediyo:
Ka auna tsohon bel ɗin da zare kafin ka saya, ka rage kaɗan don ya riga ya saki. Ka duba robar da ke danne zaren, in ta yi ƙyalli ko ta tsage ita ma a canza. Rezata da ƙarfen yankan suna nan a akwati, zan taho da su, da faifai biyu da na ajiye a gida.